Littattafan da zan ba matashin Ƙofar Mata

Duk wanda ya ce adabin Hausa na zamani soyayya ce zalla, bai yi nisa a karatu ba. Ina faɗin haka ne saboda matasan Ƙofar Mata da ke tambayata abin da za su karanta, bayan sun gaji da labaran da ake turo musu gutsi-gutsi a WhatsApp.

Mai son labarin miyagu ya fara da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982. Fasa-ƙwauri ne jigonsa, da yadda kuɗi ke sayen bakin hukuma, kuma har yau bai tsufa ba. A shekarar ne Bature Gagare ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, labarin ta'asar da ta biyo bayan yaƙin basasa, lokacin da makami ya faɗa hannun marasa imani. Wanda ya karanta shi yanzu, da abin da ke faruwa a dazukan Zamfara da Katsina, sai tsigar jikinsa ta tashi. Ni a wurina wannan littafi ya isa a sa shi a manhajar sakandare.

A ɓangaren zaman iyali kuwa, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da 'Yartsana na Ibrahim Sheme sun wadatar. Ba su yi wa kowa kara ba.

Inda muke da giɓi shi ne labarin gobe, irin wanda ke hasko mummunar makoma don a farga tun da wuri. Muna da Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtua ta littafin George Orwell, kuma Umaru Dembo ya leƙa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Daga nan hanyar ta yi ciyawa.

Alhali kayan aikin na bakin ƙofarmu. Ka tsaya a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, ka dubi ramukan da suka bushe, shara ta cike wasu. Dattijo ɗaya na tsoma zane a baba, hannunsa shuɗi har gwiwa, samari na wucewa ba sa ko waiwaye. Ga ganuwa ana yankarta ana gini, ga kududdufai ana cikewa, damina ta zo ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane. Ina jiran marubucin da zai zauna ya rubuta mana Kano ta shekara 50 nan gaba, da Hausa, in an bar abubuwan nan yadda suke tafiya.