Ra'ayinmu: Takardar Shaida Ko Shaidar Zur?

Duk lokacin da jarrabawa ta ƙarato, magana uku ce ke cika ɗakunan kwanan ɗalibai da gindin itatuwan dogon yaro: wa ya cika sharaɗin zuwa aji, nawa aka samu a gwajin tsakiyar zango, da kuma yadda za a yi a ƙetare. Mun ga ya kamata mu ajiye raha gefe guda mu dubi waɗannan abubuwa da idon basira, domin a kansu ne darajar takardar da muke wahala dominta ta rataya.

An kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, aka fara karatu cikin watan Oktoba na 1977 da ɗalibai 93 da malamai 33, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Shehu Galadanci. An yaye rukunin farko a 1980, sa'an nan a 1988 aka sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A wancan lokaci malami ya san kowane ɗalibinsa da fuska da suna da rubutun hannu, wanda bai zo aji ba kuwa kujerarsa ce za ta tona masa asiri. Yau ɗaruruwa ke cika zaure guda, takardar sa hannu ce ta maye gurbin idon malami. Takarda kuwa ba ta da ido, abin da aka rubuta mata shi za ta faɗa.

Kada wani ya zaci waɗannan ƙa'idodi baƙi ne da boko ya kawo Birnin Shehu. Tun kafin jihadin 1804 malaman ƙasar nan ba su ba almajiri ijaza sai ya zauna gabansu, ya biya karatu sun ji, sun kuma gamsu. Shehu da kansa ya karɓi ijaza daga Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don kawai ya bayyana malaman da ya yi karatu wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowannensu. Watau zama gaban malami, da gwada abin da aka koya, da faɗin inda aka samo ilmi, su ne dai abubuwa ukun da jami'a ke nema gare mu yau.

Mu fara da zuwa aji. Ƙa'idar da aka sani a jami'o'in ƙasar nan ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a bar shi ya zauna jarrabawa; in an yi lacca 20, lalle ya kasance ya halarci 15. An bar masa kashi ɗaya cikin huɗu saboda ciwo da rasuwa da sauran lalurorin rayuwa. Amma wane ne a cikinmu bai taɓa jin an ce, "Don Allah ka sa mini hannu" ba? Muna ɗaukar wannan zumunci, alhali kuwa shaida ce aka bayar cewa mutum yana wurin da ba ya nan. Mai sa wa abokinsa hannu yau, shi ne gobe zai sa hannu a takardar albashin ma'aikacin da babu shi, ko a takardar kwangilar rijiyar da ba a haƙa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai maki. Tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idodinta na 1989, kowane kwas yana da nauyinsa, kuma ana tara sakamako daga shekarar farko har ta ƙarshe. Wanda ya sami 70 zuwa sama ya ci A mai daraja 5, mai 60 zuwa 69 ya ci B mai daraja 4, haka har ƙasa. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga matsakaicin 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Saboda haka tazarar da ke tsakanin 69 da 70 tana iya bin mutum har ranar neman aiki. Tun da abin ya kai haka, maki amana ne a wuyan malami. Haƙƙin ɗalibi ne a gaya masa tun makon farko yadda za a raba makin, a mayar masa da takardar gwajinsa ya ga inda ya kuskure, a kuma fitar da sakamako kan kari. Malamin da ke neman kashi 75 daga ɗalibai, ya kamata nasa zuwan ya fi haka. Wanda kuwa ya mai da maki abin ciniki, ko da kuɗi, ko da sayen takardun laccarsa, ko da mutuncin ɗaliba, laifinsa ya fi na mai satar amsa, domin shi aka ba tsaron rumbun.

Maguɗin jarrabawa ba yau ya fara ba. A 1977, shekarar da aka fara karatu a jami'ar nan, tambayoyin jarrabawar WAEC suka fita kafin lokaci, har Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta yi Doka ta 20 wadda ta yanke wa mai maguɗi ɗaurin shekara 21. A 1999 aka sake wata doka mai lamba 33 a kan laifin. Duk da haka cutar ba ta warke ba, salo kawai ta sake. Jiya guntuwar takarda ce cikin hula ko ƙarƙashin mayafi; yau wayar hannu ce, da kwafo kundin binciken wani a sake masa bango, da kuma, tun ƙarshen 2022, sa ChatGPT ya rubuta aikin da aka ba mutum ya yi da kansa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a watan Janairu na 2024. Wannan shi ne ƙarshen hanyar da ta faro daga "sa mini hannu".

Wa ke biyan hasarar? Mara lafiyar da ya faɗa hannun likitan da ya ƙetare da satar amsa. Yaron ƙauyen da malaminsa bai san abin da yake koyarwa ba. Sa'an nan ɗalibi mai gaskiya, wanda ya kwana karatu cikin zafin bazarar Sakkwato, amma aka wayi gari masu ɗaukar ma'aikata suna kallon takardarsa da shakka, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari. Yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati sun fi mu sanin cewa a ofis babu wanda za a leƙa takardarsa. Fayil zai zo, dole a rubuta wani abu a kai.

Don haka muna roƙon hukuma abu uku. A riƙa ba kowane ɗalibi ƙa'idodin kwas a rubuce tun farkon zango. A buɗe hanyar da ɗalibi zai nemi a sake duba takardarsa, ko ya kai ƙarar malami, ba tare da fargabar ramuwa ba. A kuma tuna da nisan mazaunin jami'a na Dundaye daga cikin gari, a wadata motoci, domin ba adalci ba ne a rufe ƙofar aji ga wanda ya yi sa'a guda yana jiran mota. In an zo hukunci kuwa, sanda ɗaya za a yi amfani da ita ga ɗan talaka da ɗan babban mutum.

Mu ɗalibai namu aikin ya fi sauƙin faɗa, ya fi wuyar yi: mu je aji, mu sa hannu da sunanmu kaɗai, mu faɗi inda muka ɗebo kowace magana a rubutunmu, mu kuma karɓi C ta guminmu a kan A ta sata. Wanda ya faɗi kwas yana da damar maimaitawa baɗi. Wanda aka kora saboda maguɗi, da wane baki zai yi wa mahaifinsa bayani? Taken jami'ar nan kalma ɗaya ce, Iƙra, watau yi karatu. Allah ya sa mu fita da takardar da za mu iya kare ta a gaban kowa, amin.