Filin Turanci Tare da Anti: "Like" Ba "Love" Ba Ne

Gaisuwa ta musamman ga ɗalibaina na nan Kiru, da na Bebeji, Tudun Wada har Doguwa, musamman masu shirin zana WAEC da NECO. Allah Ya ba da sa'a, amin.

Ranar Asabar ina cikin tankaɗe sai ga 'yar yayata ta faɗo ɗakina, ko sallamar kirki babu, baki har kunne. "Anti, ya faɗa! Wallahi ya faɗa!" Ta miƙo min waya. Wani yaro ne ɗan wajen Kafin Maiyaki da ke karatu a Kano, ya rubuto mata: "I like you so much." Ashe har ta tsegunta wa mahaifiyarta, ana ta shawarar a ce masa ya turo magabatansa. Na ajiye rariya na ce zauna tukuna, 'yar nan.

Laifin ba nata ba ne. Mu a Hausa kalmar "so" guda ɗaya tana ɗaukar kaya uku, Bature kuwa sai ya raba kayan. Idan kin ce ina son fura, wato tana yi miki daɗi, "like" ke nan. Idan ƙishirwa ta kama ki kin ce ina son ruwa, wannan "want" ne, buƙata. Son da ke hana barci, wanda ake kai goro dominsa, shi ne "love". Don haka wanda ya ce miki "I like you" cewa ya yi kina burge shi, ko halinki ya yi masa. Malaminki ma zai iya faɗin haka a aji, ba wani abu.

Wanda nake so ku buɗe kunne a kansa shi ne "I want you". Kar ki ga "want" ki fassara shi da so, ki hau murna. A bakin saurayi, sau da yawa sha'awar jiki ake nufi da wannan jimlar. Duk wanda ya rubuto miki ita, ki ja mayafinki ki kama kanki. Shi kansa "love" ɗin ba kullum yake da nauyi ba, don Bature yakan ce "I love tea", shayi kawai yake yabo.

Irin wannan tarkon ne a "borrow" da "lend". Kullum a aji sai na ji "borrow me your biro", raina ya yi ta ɓaci, don mai duba takardar jarrabawa jan biro zai sa miki. Dalili, mu "na ari biro" da "na ara mata biro" duk daga aro suka fito. A Turanci mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Sai ki ce "lend me your biro", ko "may I borrow your biro?" Amma fa mu ma akwai inda muka fi su. Mun raba aro da rance: gyalen biki aronsa ake yi a mayar da shi, kuɗin mota zuwa Kwanar Dangora kuwa rantarsu ake a biya da wasu. Su duk "borrow" ne.

To, 'yar tawa dai idonta ya ciko da ƙwalla. Na ce kar ki yi kuka, samarin namu ma ba duka suka gama sanin bambancin ba, wataƙila "love" ɗin yake nufi kunya ta hana shi. Na sa ta rubuta masa da Hausa tsantsa: "Da aure kake sona, ko yaya?" Na kuma roƙi yayata ta dakata da maganar magabata. Kwana huɗu ke nan, amsa ba ta zo ba.

Aikin gida: ku rubuto min bambancin "wedding" da "marriage", kowanne da jimla ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum, Anti.