Ƙarin madatsu ba zai haskaka Hajj Yusuf ba

Ra'ayin da ya fi yawo a tsakanin masu magana kan wutar lantarkin Sudan, wadda mutanen unguwar Hajj Yusuf da ke jihar Khartum ke kira kahraba, shi ne cewa ƙarancin abin da ake samarwa ne tushen duhu, don haka magani shi ne a ƙara madatsu da injuna. Wannan ra'ayi kuskure ne mai tsada, domin ya zuba ido ga yawan wuta ya manta da hanyar da take bi kafin ta isa gida.

Madatsar Merowe, wadda aka buɗe a 2009 da ƙarfin megawat 1,250, tana da nisan kusan kilomita 350 arewa da Khartum, kuma wutarta na gangarowa ne ta dogayen layuka masu ƙarfin kilobolt 500 zuwa tashoshin rarrabawa 'yan ƙalilan, irin su Markhiyat da ke Omdurman. Duk tsarin da ya rataya a kan igiyoyi kaɗan haka yana cikin haɗarin abin da injiniyoyi ke kira faɗuwar bi-da-bi, wato idan layi ɗaya ya yanke, nauyin da yake ɗauke da shi ya koma kan na kusa da shi, shi ma ya yi zafi na'urar kariyarsa ta cire shi, bugun wutar da ya kamata ya tsaya a 50 cikin daƙiƙa ya sauka, sai injuna su kashe kansu ɗaya bayan ɗaya don kada su ƙone. Yalwar injuna ba ta hana wannan, kamar yadda aka gani a Amurka da Kanada ranar 14 ga Agusta 2003, lokacin da layukan da suka taɓa bishiyoyi a Ohio suka jefa mutane kusan miliyan 50 cikin duhu.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tona wannan rauni fiye da yadda kowane lissafi zai iya. A Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka faɗa wa tashoshin wuta a Omdurman, jihar Khartum ta shiga duhu alhali ruwa na nan a bayan madatsar Merowe, kuma faɗuwar ba ta tsaya a kan waya ba: tashoshin tace ruwa suka daina aiki, jama'a suka koma ɗiba daga kogi da gangunan karo, amalanken jakin da ke sayar da ruwa a unguwanni, sannan kwalara ta biyo baya.

Abin da ya kamata a fara kashe kuɗi a kansa shi ne kwaikwayon tsarin gaba ɗaya a kwamfuta, inda ake cire kowace tiransifoma da kowane layi ɗaya bayan ɗaya, har ma biyu ko uku a tare tunda mai kai hari ba ya tsayawa a kan ɗaya, a ga inda nauyi zai koma da wanda zai fara rasa ruwa. Daga wannan lissafi ne ake sanin inda za a yanka tsarin zuwa tsibirai, wato yankunan da kowanne ke iya tsayuwa da ƙafarsa idan saura sun faɗi, ta yadda yankunan Sharƙ an-Nil da Bahri na jihar Khartum za su jingina da tashoshin wutar Garri da ke kusa da su, rijiyoyin burtsatse da asibitocin Hajj Yusuf kuma su sami wutar hasken rana da batir nasu na kansu tun kafin a aza tubalin wata sabuwar madatsa.