Dalma a Kwalbar Magani



Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba sa bukatar a yi musu bayanin gubar dalma. A 2010, maƙwabtansu na Anka da Bukkuyum sun binne yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, bayan an riƙa niƙa dutsen zinare a tsakar gida, ƙura tana sauka a kan tuwo da hannun yara. Tun daga lokacin, da an ce dalma sai hankali ya tafi ramin haƙar zinare.

Amma dalma tana da wata ƙofa: kwalbar magani.

A wani bincike da aka wallafa a 2004, Dakta Robert Saper da abokan aikinsa sun sayi magungunan gargajiyar Indiya, na tsarin Ayurbeda, guda 70 a shagunan Boston ta Amurka. Guda 14 an same su da dalma ko zaiba ko asenik. A 2008 suka wallafa wani gwajin da suka yi da waɗanda ake sayarwa ta intanet, sakamakon bai canza ba: kusan ɗaya cikin biyar. Wani abin ma ba kuskure ba ne. Akwai reshen wannan ilimi da ke ƙona ƙarfe ya zama toka a zuba a magani da gangan, bisa imanin cewa wuta ta kashe dafinsa. Wuta kuwa ba ta kashe dalma.

To, ranar kasuwa mai lasifika na shelar maganin basir da sanyi da ƙarin kuzari, yana ɗaga kwali mai rubutun Indiya, wai "na waje ne". Zuwa daga nesa ba shaidar tsabta ba ce. Ko lambar NAFDAC a kan maganin gargajiya ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da ake faɗa. Wanda ba shi da lambar kuma, babu mai ba da shaida a kansa.

Na gida ma bai tsira ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa. Kwallin da ake sa masa a ido, fiye da kashi 80 cikin ɗari dalma ne.

Dalma ba ta da ɗaci, ba ta da wari. Yaro ya fara ciwon ciki, kasala, jijjiga, a ce iska ce ko tamowa, a ƙara masa wani jiƙon. Ma'aikatar lafiya ta Zamfara, wadda ta ga yadda aka gwada jinin yara a Anka, ya kamata ta ɗebi samfur daga teburan masu magani a kasuwannin Talata Mafara da Bakura da Maradun, ta kai ɗakin gwaji, ta faɗa wa jama'a sakamakon a rediyo.