Shekara Bakwai Ana Koyon Ingilishi, Wasiƙa Ɗaya Ta Gagara

A watan Maris na 2025 hukumomin Yamai suka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. An yi murna, kuma murnar na da dalili. To amma rubuta doka ba shi da wuya. Harshen aiki, kamar yadda sunansa ya nuna, harshe ne da ake aiki da shi: a rubuta takardar neman izini, a amsa wasiƙar abokin ciniki, a tsara rahoto, a kai ƙara. Tambayar da ya kamata masu mulki su amsa wa mutanen Maraɗi ita ce: wa zai rubuta waɗannan takardu, kuma a wace makaranta aka koya masa?

Yaron da ya shiga kwaleji a Nijar yana fara Ingilishi tun ajin farko. Shekara 4 yana yi kafin jarrabawar BEPC, sa'an nan shekara 3 a lise kafin bakaloriya. Jimla shekara 7 ke nan. A cikin wannan tsawon lokaci yana haddace jerin fi'ilan da ba su bin ƙa'ida, yana cike gurbin kalmomi, yana juya jimla daga lokaci mai ci zuwa wanda ya shuɗe, yana amsa gaisuwar malami da murya ɗaya da sauran ƴan aji. Ranar da mahaifinsa ya miƙa masa alƙalami ya ce ya rubuta wa wani kamfani na Kano layi 10 a kan kayan da suka iso a lalace, sai gumi ya karyo masa. Ya san sunan kowace ƙa'ida, amma bai san inda ake sa kwanan wata ba, bai san da me ake buɗewa ba, bai san yadda ake faɗin buƙata ba tare da ta zama roƙo ko zagi ba. Wannan asara ce ta shekaru da ta kuɗin iyaye, kuma ba ta fi ciwo a ko'ina ba kamar a Maraɗi.

Dalili a fili yake. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, alhali kuwa Katsina ba ta kai kilomita 100 ba idan aka bi ta Ɗan Isa da Jibiya. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyar 1906 ta raba gida ɗaya biyu, amma ba ta raba kasuwa ba. Wake, aya, riɗi, dabbobi da fatar jar akuyar Maraɗi suna gangarawa kudu; atamfa, robobi, taki, magunguna da kayan gyaran mota suna haurowa arewa. Tun a 1986 Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maraɗi, ya nuna cewa fatauci da Najeriya na cikin ginshiƙan arzikinsu. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma lokacin takunkumin CEDEAO daga 2023 zuwa farkon 2024, kowane mai teburi a babbar kasuwa ya ji a jikinsa. A Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, aka ba kamfanin Mota-Engil kwangilar da ta kusa dalar Amurka miliyan 2000. Garin da ke ƙarshen irin wannan layi bai kamata ya rasa matasan da za su iya rubuta takardar neman aiki a kansa ba.

Akwai masu cewa duk wannan surutu ne, ai Hausa ta ishi kowa a Dawanau da Kantin Kwari. Gaskiya ne, a bakin ciniki ta isa har ta yi yawa. Da Hausa ake tayi, da ita ake sallamawa, da ita ake rantsuwa. Sai dai ciniki ba a baki yake ƙarewa ba. Takardar kwastan ta Najeriya da Ingilishi take. Takardar banki, rasit na kamfani, yarjejeniyar haya, takardar inshora da sammacin babbar kotu duk da Ingilishi suke. Amana tana riƙe ciniki muddin ana zaman lafiya, amma ranar da rikici ya tashi, alƙali ba ya tambayar abin da aka faɗa a gindin bedi, abin da aka rubuta yake nema. Kuma kasuwar yau ba a Kano ta tsaya ba. Alhajin da ke odar kaya daga Dubai, ko Sin, ko Indiya, da Ingilishi ake turo masa farashi, da shi kuma zai yi ƙorafi idan kwantena ta iso da rabin kaya.

Abin da ke faruwa kowa ya san shi. Ɗan kasuwa mai jarin miliyoyi yana neman wanda zai rubuta masa, ya biya shi lada, ya kuma buɗe masa sirrin cinikinsa: wa yake saya wa, nawa yake saya, nawa ake bin sa. Ya sa hannu a kan abin da bai karanta ba. Idan marubucin ya yi kuskure, ko ya yi ha'inci, mai kaya ne zai ɗauki asara. Kurakuran kuwa ba ƙanana ba ne. A lissafin Faransanci waƙafi yana raba cikakken adadi da ɓangarensa, a Ingilishi kuma dubbai yake rabawa. Saboda haka 1,500 ɗaya da rabi ne ga wanda ya yi lakwal a Maraɗi, dubu da ɗari biyar ne ga akawun Kano. Kalmar biliyan a Ingilishi miliyan dubu ce, abin da Faransanci ke kira miliyar, amma a Faransanci biliyan miliyan sau miliyan ce. Fi'ilin da Bafaranshe yake roƙo da shi cikin ladabi yana da ɗan'uwa mai kama da shi a Ingilishi wanda ke nufin nema da tilas, har yaro ya rubuta umarni yana zaton roƙo ya yi. Ga kuma lissafin dala, inda ɗari a bakin Bamaraɗe take nufin sefa 500. Darasin wata guda zai kau da duk waɗannan tarkuna, amma an fi son a cika allo da ƙa'idoji.

Matsalar ba ta alhazan birni kaɗai ba ce. A Jiratawa, inda ake noman rani a fili mai faɗin kusan hekta 500, manoman zogale da kayan lambu suna amfani da taki da maganin ƙwari waɗanda da yawansu daga Najeriya suke shigowa, kuma bayanin awo da gargaɗin guba da ke jikin kwalba da Ingilishi aka buga su. Ƙungiyar manoma da ke son mai saye na dindindin a Kano tana buƙatar wanda zai rubuta tayi mai ɗauke da adadi, farashi da ranar kai kaya. A Tibiri, gidan sarautar Gobir tun 1836, iyalai nawa ne ke da ɗa mai neman gurbin karatu a jami'o'in Zariya, Kano ko Sakkwato? Matakin farko wasiƙa ce. Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya tana nan tun 1971, kuma jami'in duwan, likitan dabbobi da ma'aikacin lafiya na kan iyaka duk suna da takwarori a Katsina waɗanda dole wata rana a rubuta musu.

To laifin wa? Ba na malami ba ne da farko. Malamin da aka ɗauka a kwantiragi, aka tura shi aji cike maƙil, albashi na zuwa a makare, ba zai iya kwasar ɗaruruwan takardu zuwa gida kowane mako ya gyara su layi-layi ba. Dole ya koma ga abin da ake gyarawa da sauri, wato cike gurbi da zaɓen amsa. Laifin na masu tsara manhaja da jarrabawa ne, domin malami abin da za a tambaya yake koyarwa. Muddin ɗalibi zai iya tsallake jarrabawa bai taɓa rubuta wasiƙar da ta isa hannun wani ɗan Adam ba, to babu wanda zai ɓata lokacinsa a kanta. Laifin kuma na gwamnatocin da suka shuɗe ne, na farar hula da na soja, waɗanda suka ɗauki Ingilishi ƙaramin darasi ne na ado. Daga 1962 masu aikin sa kai na Peace Corps daga Amurka sun yi ta zuwa, wasunsu suna koyar da Ingilishi, har aka kwashe su a Janairu 2011 saboda matsalar tsaro. Kusan shekara 50 ke nan ana cin tallafi. Ƙasar da ta yi rabin ƙarni tana jingina da bangon wani ba ta da bakin cewa ba ta samu lokacin gina nata ba.

Wasu za su ce wayar hannu ta gama magana, tunda a yau na'ura tana fassara komai cikin ƙiftawar ido. Na'ura tana fassara abin da aka ba ta ne. Wanda bai iya jera tunaninsa ba, ya faɗi ko shi wane ne, me ya faru, me yake so, kuma zuwa yaushe, shirme zai zuba mata, ta mayar masa da shirme cikin kyakkyawan lafazi. Kuma wanda bai iya karanta abin da ta fitar ba, ya koma gidan jiya: ya sa hannu a kan abin da bai sani ba, sai dai wannan karon babu ma wanda zai kama da laifi.

Wasu kuma za su ce yaran da Faransanci ya gagara, ina su ina Ingilishi? Wannan hujja na da nauyi. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa kusan 9 cikin 10 na yaran Nijar masu gama firamare ba su kai matakin karatu da ake buƙata ba. Amma wannan ƙarin dalili ne na sauya hanya. Tsara magana a rubuce fasaha ɗaya ce a kowane harshe. Yaron da aka koya wa rubuta wasiƙa da Hausa tun firamare, ya san mene ne buɗewa, mene ne buƙata, mene ne rufewa, abin da ya rage masa a kwaleji shi ne sanin al'adar kowane harshe: Hausa tana tsawaita gaisuwa, Faransancin ofis yana tsawaita ban kwana, Ingilishin kasuwanci yana faɗin dalilin wasiƙa tun layin farko ya tsaya. Yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa, babu sauran uzuri na ƙin farawa daga nan.

Masu cewa an kori harshen wani ɗan mulkin mallaka an jawo na wani, su tuna cewa wasiƙa ba Bature ya kawo ta ƙasar Hausa ba. Tun kafin ya zo, fadojin sarakuna suna da marubuta, kuma wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Barno suka yi musaya da Larabci har yau ana nazarinsu. Magabata ba su ɗauki Larabci bauta ba, makami suka ɗauke shi. Ƴancin kai na gaskiya shi ne mutum ya rubuta takardarsa da hannunsa, cikin harshen da abokin hulɗarsa ba zai iya cewa bai gane ba.

Abin da ake nema ba ya buƙatar bashin Bankin Duniya. Na farko, ma'aikatar ilimi ta sa wasiƙa ta zama tambayar tilas mai maki mai tsoka a jarrabawar Ingilishi ta BEPC da ta bakaloriya. Ranar da aka yi haka, darasi zai sauya da kansa. Na biyu, a ƙayyade wasiƙu 5 da kowane ɗalibi zai iya kafin ya bar kwaleji: ta neman bayani, ta odar kaya, ta ƙorafi, ta neman aiki ko gurbin karatu, da ta godiya. Na uku, a daina sa yaron Maraɗi ya rubuta labarin hutun da bai taɓa zuwa ba. A ba shi buhun wake 40 da suka iso 37, ya rubuta wa dillali. Na huɗu, don rage wa malami nauyi, ɗalibai su riƙa rubutu ƙungiya-ƙungiya suna gyara wa juna kafin takarda ta kai gare shi. Na biyar, makarantun Maraɗi, Tibiri da Jiratawa su ƙulla musayar wasiƙu da na Katsina da Jibiya: na nan su rubuta da Ingilishi, na can su amsa da Faransanci, motar haya ta kai ta kawo.

Ƴan kasuwa su ma suna da nasu rabon. Majalisar ƴan kasuwa tana da zaure, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da lise irin su Dan Baskore da Dan Kasawa suna da ajujuwan da ke kulle da dare, kuma garin bai rasa malaman Ingilishi masu neman ƙarin abin sawa a baka ba. Abin da attajiri ɗaya yake kashewa a bikin kwana uku zai riƙe ajin dare na yaran shago shekara guda. Ma'aikata kuwa su nemi a sa musu wannan horo cikin haƙƙoƙinsu, yadda ƙungiyoyin ƙwadago suke neman ƙarin albashi, domin ranar da ofisoshi suka fara aiki da sabon kundin da gaske, wanda bai iya ba shi za a tura baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwamnati ta riga ta rubuta cewa Ingilishi harshen aiki ne, saura ta nuna a kasafin kuɗi, a manhaja da kuma a takardar jarrabawa cewa da gaske take. Iyaye kuma suna da gwaji mai sauƙi da za su yi a ƙarshen wannan shekarar karatu: su miƙa wa yaro farar takarda, su ce ya rubuta wa Kano. Abin da ya fito a kanta, shi ne sakamakon ma'aikatar ilimi.