Zafin Maris da Shirunmu a Zango

Duk shekara, da zarar hunturu ya janye, zafin Fabrairu da Maris ya sauka a Kumasi, sai wayoyin da ake bugo mini a shirin dare su sauya salo. Masu gaishe-gaishe su ragu, masu cewa "kwana uku ban runtsa ba" su ƙaru. Wani dare wani matuƙin pragya daga Krofrom ya ce ba ya iya barci sai ya kora akpeteshie, kuma rayuwar ma ta ishe shi. Kashegari ƙorafin da ya iso mini shi ne wai na tona asirin Zango.

Wane asiri? Mun fi so a ce giya da kashe kai matsalar wasu ce, ba ta 'ya'yan Musulmi ba. Kanmu muke yaudara. Haramcin abu bai taɓa hana shi shiga gida ba, sai dai ya sa mai yi ya ɓoye har ta kai shi ga halaka.

Maganar zafin kuwa ba shaci-faɗi ba ce. A 2018 masu bincike na Jami'ar Stanford sun gano cewa idan zafin wata ya ƙaru da digiri 1, kashe kai na ƙaruwa da kashi 0.7 cikin ɗari a Amurka, da kashi 2.1 a Meziko. Zafi na hana barci, rashin barci na ƙara ƙuncin zuciya. Giyar da ake nema don sauƙi kuma ta ƙara lalata barcin, ta cire wa mutum birki. To, a duba ɗakunanmu: rufin kwano, mutum shida, ga ɗaukewar wuta. A rani ne kuma 'yan cin rani daga arewa ke sauka a tashar Krofrom, ba dangin iya ba na baba. Ban ce zafi kaɗai ne sanadi ba. Bashi da rashin aiki sun riga sun cika tulun, zafi ne ke sa ya tumbatsa.

A da muna fakewa da tsoron 'yan sanda, domin dokar 1960 ta mayar da yunƙurin kashe kai laifi. A watan Maris 2023 majalisar dokokin Gana ta amince a soke wannan. Asibitin Komfo Anokye na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma bai fi tafiyar trotro ba. Me ya rage mana in ba kunya ba?

Limamai da sarakunan Zango da mu 'yan rediyo, watannin zafi nan ne lokacin magana. Huɗubar haramci ta isa kunne tuntuni, a haɗa ta da inda ake samun magani. Kai kuma, idan ɗan'uwanka ya ce ya gaji da duniya, kada ka sallame shi da "zafi ne, zai wuce". Zauna da shi, tambaye shi kai-tsaye, ka raka shi asibiti.