Jif Ko Sienna: Wace Ce Motar Iyali?

Kwanakin baya wani abokina, malami a Samaru, ya same ni da neman shawara. Ya karɓi rance daga ƙungiyar adashen ma'aikata, yana son ya rabu da tsohuwar motarsa ya sayi wadda za ta ɗauke iyali. 'Ya'yansa shida, ga uwargida, ga mahaifiyarsa da ke zuwa asibitin Shika duk wata. Na tambaye shi wace mota yake tunani, sai ya ce Lexus RX. Na ce masa, "Malam, kujerunta biyar ne, ku kuwa ku tara ne." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "Ai in na sayi Sienna sai a riƙa tsayar da ni a Kwangila ana tambayar ko Funtuwa za ni."

Dariya muka yi, amma amsar ta daɗe tana damuna, domin ita ce ainihin yadda da yawanmu ke yanke shawarar sayen mota. Abin da mutane za su ce shi muke fara aunawa, bukatar gida ta biyo baya.

Iyayenmu ba su sha wannan wahalar ba. Bayan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, 504 mai dogon baya ta zama motar babban gida, ta kuma zama motar haya a tashoshi, ba a taɓa jin wani babban malami ya ji kunyar shigarta don direbobi na tuƙa irinta ba. Sienna da Sharan su suka gaji wannan gurbi. Direban haya ba ya sayen mota don ado. In ya zaɓi wata, to ya gwada juriyarta, ya san kayan gyaranta na samuwa a Sabon Gari, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Abin da muke ɗauka aibi, shaida ce.

Akwai kuma abin da masu saye da dama ba su sani ba. Sienna da Highlander da Lexus RX 330 na wajajen 2004 zuwa 2006, waɗanda suka cika garejin dillalanmu, injinsu iri ɗaya ne, mai silinda shida da girman lita 3.3, kuma dukkansu daga zubin Camry aka samo su. Shan mansu bai yi nisa da juna ba. Bambancin yana ga yawan mutanen da man zai ɗauka: Sienna na da kujeru bakwai ko takwas, RX na da biyar. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, wannan lissafi ya daina zama wasa. Litar da ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Magidancin da sai ya yi sawu biyu kafin ya kai yara makaranta, ko ya fitar da mota biyu don zuwa biki Kano, shi ya san abin da aljihunsa ke gani.

Batun da ya fi kuɗi nauyi shi ne rai. Duk wanda ke bin titin Sakkwato da safe ya saba ganin jif da yara huɗu ko biyar a kujerar baya, biyu a but, ɗaya a cinyar uwa a gaba. Hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ɗaura bel tun 2003, to amma yaron da ba shi da kujera ina zai sami bel? Sannan jif na da tsayi, nauyinta na sama, don haka ta fi saurin kifewa idan taya ta fashe ko direba ya yi kaucin rami da gudu. Amurka ba ta wajabta na'urar daidaita mota a kan dukkan sababbin motoci ba sai daga samfurin 2012, ke nan ba kowace tsohuwar jif da aka shigo mana da ita ce ke da ita ba. Ga kuma zamanin da muke ciki na garkuwa da mutane, wanda mai hankali ba ya son motarsa ta riƙa yi masa shelar arzikin da ba shi da shi.

Sai dai adalci ne a faɗi inda jif ta yi zarra. Wanda ya gina gida a sababbin unguwannin bayan Bomo ko Hayin Dogo, inda kwalta ba ta kai ba, ya san abin da watan Agusta ke yi wa hanya. Sienna doguwa ce, in ta cika da mutane bayanta kan zauna, cikinta ya riƙa dukan ƙasa. Mai gona a wajen gari, ko ma'aikacin da aikinsa na ƙauyuka ne, yana da hujjar neman mota mai tsayi. Amma a nan ma a yi hattara, domin ba kowace jif ce Prado ba. Yawancin waɗanda muke saye tsayinsu daga ƙasa bai ɗara na Sienna da wani abin kirki ba, wasunsu ma tayoyin gaba kaɗai ke ja. Haka nan mai neman Sienna ya bincika da kyau, kada ya sayi wadda ta gama shekarunta a tasha aka yi mata fenti.

Shawarar da na ba abokina ita nake ba mai karatu. Ka ƙirga mutanen gidanka, ka dubi hanyar ƙofar gidanka da damina, ka lissafa man wata guda ka gwada da albashinka, sannan ka je wurin dillali. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Waɗanda kake jin kunyarsu ba za su taya ka biyan rancen ba, ba kuma za su kwana da kai a asibiti ba.

Allah Ya tsare mana iyalanmu a kan hanya, amin.